Ruwa ba ya tsami banza: yadda ake koya wa kwamfuta bin sawun dalili

Direba ya murza makulli, mota ta ƙi tashi. Ya kunna fitila, ita ma shiru. Kafin ya buɗe bonet ya riga ya ce a ransa batir ne. Bai ga batirin ba, bai auna shi ba, alama ya gani ya koma baya zuwa ga abin da zai iya haifar da ita. Irin wannan tunani shi ne aikin likita a gaban mara lafiya, da na mai binciken laifi, da na injiniyan da na'ura ta tsaya masa cikin dare. Masana suna kiransa abdakshin. A nan za mu kira shi bin sawu, domin abin da ake yi ke nan: a ga sawu a ƙasa, a nemi wanda ya taka.

Wanda ya fara ware shi a matsayin hanyar tunani mai zaman kanta shi ne Charles Sanders Peirce, masanin falsafa ɗan Amurka da ya rayu daga 1839 zuwa 1914. A wata maƙala ta 1878 ya ba da misali da buhun wake. In ka san duk waken buhun nan fari ne, ka kuma san wannan tsabar daga buhun ta fito, to dole fara ce. Wannan shi ne ƙiyasi a wurin masana manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, kuma ba ya kuskure muddin abin da aka gina shi a kai gaskiya ne. In ka yi ta ɗiba daga buhun kana ganin fari, har ka ce duk na ciki fari ne, ka yi istiƙra'i, wato fitar da doka daga yawan gani. Na ukun shi ne ka tarar da farin wake a zube kusa da buhun, ka ce daga cikinsa ya zubo. Mai yiwuwa haka ne. Mai yiwuwa kuma wani ne ya wuce da nasa buhun mai huda. A ma'aunin manɗiƙi zalla wannan mataki na uku ɓatacce ne, don kasancewar ruwan sama yana jiƙa ƙasa bai sa duk jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zama shaidar ruwan sama ba. Amma Peirce ya dage cewa cikin ukun shi kaɗai ne yake kawo sabon ra'ayi, sauran biyun tacewa da gwadawa suke yi.

Masu ƙirƙirarriyar basira sun ɗauki batun tun farkon shekarun 1970. Harry Pople ya rubuta a kan yadda za a mayar da shi aikin na'ura a 1973, kuma shi ne ya yi aiki da likita Jack Myers a Jami'ar Pittsburgh kan manhajar gano cututtuka ta INTERNIST-I. A daidai lokacin, a 1972, Alain Colmerauer da Philippe Roussel suka samar da harshen Prolog a Marseille ta ƙasar Faransa, inda ake rubuta manhaja a matsayin jerin dokoki, kwamfuta kuma ta nemo abin da dokokin suka tabbatar. Haɗuwar waɗannan hanyoyi biyu ta ɗauki kusan shekara ashirin kafin ta samu tsayayyen tsari, a aikin Antonis Kakas da Robert Kowalski da Francesca Toni na 1992.

Tsarin ƙafa uku gare shi. Ta farko dokoki ne, masu faɗin me ke haifar da me. Ta biyu jerin zato ne, wato abubuwan da aka yarje wa kwamfuta ta ɗauka ba tare da hujja ba in buƙata ta kama. Ta uku shingaye ne, sharuɗɗan da ba a yarda wani zato ya ƙetare su ba. Idan aka kawo abin da aka gani, aikin kwamfuta shi ne ta zaɓo wasu daga jerin zato waɗanda, in an haɗa su da dokoki, za su haifar da abin da aka gani, ba tare da sun karya ko shinge ɗaya ba. Abin da ta zaɓo shi ake kira bayani.

Ga motar nan tamu a rubuce irin na Prolog. Alamar :- tana nufin abin da ke hagu yana tabbata idan na dama ya tabbata.

injin_bai_tashi :- kik_bai_juya.
injin_bai_tashi :- mai_bai_isa.
kik_bai_juya :- babu_wuta.
kik_bai_juya :- kik_ya_lalace.
babu_wuta :- batir_ya_mutu.
babu_wuta :- kan_batir_ya_saki.
fitila_ba_haske :- babu_wuta.
fitila_ba_haske :- kwai_ya_kone.
mai_bai_isa :- tanki_wayam.
mai_bai_isa :- famfo_ya_tsaya.

Jerin zato abu shida ne: batir ya mutu, kan batir ya saki, kik ya lalace, ƙwan fitila ya ƙone, tanki wayam, famfon mai ya tsaya. Ka lura babu ɗayansu da ya zo a hagun wata doka, kuma da gangan ake yin haka, domin abin da ake zata shi ne wanda dokoki ba su da ta cewa game da asalinsa. Shingaye biyu ne: ba za a ce tanki wayam ba alhali geji yana nuna mai, kuma ba za a ce babu wuta ba alhali hon ya yi ƙara.

Prolog na yau da kullum, in ka tambaye shi ko injin bai tashi ba, zai gangara daga doka zuwa doka har ya iso kan batir_ya_mutu, ya duba ya ga ba a faɗa masa haka ba, ya juya, ya gwada sauran rassan, a ƙarshe ya ce a'a. Mai bin sawu canji ɗaya ya yi wa wannan tafiya. In ya iso kan abin da ke cikin jerin zato, ba ya juyawa; sai ya rubuta shi a wata jaka ta gefe, ya ɗauka gaskiya ne, ya ci gaba. Amma kafin ya ci gaba sai ya tsaya ya bi shingaye ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar sabon zaton bai karya wani ba, shi kaɗai ko tare da abin da ke jakar tun da. In ya karya, sai a fitar da shi a koma mahaɗar baya a ɗauki wani reshe. Wannan kai da kawowa tsakanin matakin zato da matakin tantancewa shi ne ginshiƙin hanyar da Kave Eshghi da Kowalski suka gabatar a 1989, kuma yawancin hanyoyin da suka biyo baya gyara ne a kanta.

Da alama ɗaya tak, injin bai tashi ba, bayani biyar ne ke fitowa, kowanne da zato guda: batir, kan batir, kik, tanki, famfo. Ƙara alama ta biyu, fitila ba haske, sai hoton ya sauya. Batir shi kaɗai ya isa ya bayyana duka biyun, haka ma kan batir. Kik kuwa ba ruwansa da fitila, don haka sai an haɗa shi da ƙonannen ƙwai. Haka tanki, haka famfo. Har yanzu bayani biyar ne, biyu masu zato ɗaya, uku masu zato bibbiyu. Direba ya dubi geji ya ga mai rabin tanki: shinge na farko ya kori bayanin tanki, saura huɗu. Sai ya danna hon, hon ya yi ƙara da ƙarfi. Nan take bayanai biyun da suka fi kowanne kyau suka faɗi, aka bar kik da ƙwai, ko famfo da ƙwai.

Abin da ya faru a matakin ƙarshen nan ya cancanci a tsaya a kansa. A ƙiyasi, ƙarin sani ba ya rushe abin da aka riga aka tabbatar. A bin sawu kuwa, labari ɗaya sabo yana iya kifar da amsar da aka fi amincewa da ita. Duk manhajar da za ta yi amfani da sakamakon, dole a gina ta da sanin cewa za a iya janye shi. Wannan ne ya sa Johan de Kleer ya fito a 1986 da tsarin da ke riƙe, ga kowane sakamako, jerin zatukan da ya dogara a kansu, ta yadda in zato ɗaya ya faɗi za a san nan take me da me ya faɗi tare da shi, ba sai an sake lissafi daga tushe ba.

Sai batun wane bayani za a fifita, kuma a nan ne aka fi yin ganganci. Ma'auni mafi sauƙi shi ne kada bayani ya ɗauki kayan da ba ya buƙata: in batir kaɗai ya isa, ba a kawo batir da tanki tare. Wannan kusan kowa ya yarda da shi. Ma'auni na biyu ya fi tsanani, yana cewa a ɗauki mai mafi ƙarancin zato, wato a fifita lalacewa ɗaya a kan biyu. Sau da yawa yana dacewa, kuma lissafi yana nuna dalili. A ɗauka, don misali kawai, cewa yiwuwar mutuwar batir 0.02 ce, ta ƙonewar ƙwai 0.05, ta tsayawar famfo 0.004. Yiwuwar ƙwai da famfo su lalace tare, in ba ruwan ɗaya da ɗaya, ita ce 0.05 sau 0.004, wato 0.0002. Batir ya fi su da ninki ɗari. Amma juya alƙaluman: lalacewa biyu da kowacce ke da 0.1 suna ba da 0.01 a haɗe, wanda ya ninka lalacewa guda mai 0.001 sau goma. Likitoci sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa tsoho mai alamu biyar ba a cika neman cuta guda da za ta ɗauke su duka ba. Cututtuka biyu ko uku na gama-gari sun fi kusa da gaskiya fiye da wata guda da ba a cika gani ba. Ƙirga zato dai kimanta yiwuwa ne a ɓoye, wanda ya ɗauka duk lalacewa nauyinsu ɗaya. Gara a fito da alƙaluman fili a yi gardama a kansu. David Poole ya yi haka a 1993, inda ya liƙa wa kowane zato yiwuwarsa, ya kuma nuna dangantakar tsarin da ragar Bayes, wato taswirar da ke nuna yadda yiwuwar wani abu ta dogara a kan wani, wadda Judea Pearl ya shimfiɗa a littafinsa na 1988.

Ninka yiwuwa da yiwuwa ma yana da tarkonsa, don ya ginu ne a kan cewa lalacewar biyu ba su da uwa ɗaya. Altaneta da ke tura wuta fiye da ƙima tana ƙona ƙwayayen fitila, tana kuma dafa batir. In ba a sa ta cikin dokoki ba, manhaja za ta ga mutuwar batir da ƙonewar ƙwai a matsayin haɗuwar da ba kasafai ake samu ba, ta jefa ta ƙasan jeri, alhali abu ɗaya ne ya yi su.

Akwai wata hanyar gano lalacewa da ake yawan rikita ta da bin sawu. Raymond Reiter ya tsara ta a 1987, shekarar da de Kleer da Brian Williams suka fito da tasu manhajar mai irin wannan tunani. A can ba a rubuta yadda abu ke lalacewa ko kaɗan, yadda yake aiki in yana lafiya kawai ake rubutawa. In abin da aka gani ya saɓa wa abin da ake tsammani, sai a tattara rukunan sassan da ba zai yiwu a ce dukkansu lafiya suke ba, sannan a nemi mafi ƙarancin sassan da za su taɓa kowane rukuni. Amfaninta babba ne: tana kama lalacewar da ba wanda ya taɓa hangowa. Rauninta kuma daga nan yake. Peter Struss da Oskar Dressler sun nuna shi a 1989 da batir ɗaya da ƙwayaye uku, kowanne da nasa layin zuwa batirin, biyu a mace, ɗaya yana haske. Cikin amsoshin da hanyar ta bayar har da cewa batir ya mutu kuma ƙwai na uku ya lalace, wato lalacewar da ta sa shi haske ba wuta. Tunda ba a gaya mata abin da lalataccen ƙwai zai iya yi da wanda ba zai iya ba, ba ta da hujjar ƙin wannan. Bin sawu ya fi tsauri, yana neman zaton ya haifar da alamar, ba ya wadatuwa da cewa bai ci karo da ita ba. Kuɗin wannan tsauri shi ne sai ka san hanyoyin lalacewa tun farko ka rubuta su.

Wannan ya kawo mu ga abin da, a ganina, ya fi komai muhimmanci a fannin, kuma aka fi yin shiru a kansa. Manhajar bin sawu ba ta iya zaton abin da ba ya cikin jerinta. A motarmu ba mu sa makunnin makulli ba, ba mu sa fiyus ba, ba mu sa na'urar hana sata da ke ƙin gane makulli ba. In ɗayansu ne ya jawo matsalar, manhajar ba za ta ce ban sani ba. Za ta kawo kik da ƙwai, da cikakkiyar hujja mataki-mataki, a canza kik mai lafiya, mota ta ci gaba da zama. Haka shingen geji: mun rubuta shi kamar geji ba ya ƙarya, alhali abin da ke auna mai a tanki yana maƙalewa. Gyaran shi ne a mayar da lalacewar geji zato na bakwai, shingen ya koma cewa ba a haɗa tanki wayam da geji mai nuna mai sai in gejin ya lalace. Kowane shinge da aka rubuta ba togiya, zato ne da aka hana kwamfuta taɓawa.

Tarihin ilimin taurari ya ajiye mana misalin da ya fi kowanne fito da wannan. Duniyar Uranus tana kauce wa hanyar da lissafin Newton ya zana mata. Urbain Le Verrier ya zaci akwai wata duniyar da ba a gani ba tana janta, ya lissafa inda za ta kasance, ya aika wa Johann Galle a Berlin. A daren 23 ga Satumba 1846 aka ga Neptune, tazararta da inda ya nuna ba ta wuce digiri ɗaya ba. A 1859 mutumin nan dai ya ga irin wannan kaucewa a tafiyar Mercury, ya sake bin hanyar da ta ba shi nasara, ya zaci wata duniya kusa da rana, har aka raɗa mata suna Vulcan. An shafe shekaru ana nemanta, babu ita. Sai a 1915 Albert Einstein ya bayyana kaucewar, kimanin sakan 43 na kusurwa a kowace shekara ɗari, da sabuwar fahimtar jan nauyi. Da yaren tsarinmu, jerin zaton Le Verrier ɓoyayyun duniyoyi ne kawai ke ciki, lissafin Newton kuwa yana ɓangaren dokoki inda ba a taɓawa. Karo na farko laifin yana cikin jerin zato, karo na biyu yana cikin dokokin kansu. Babu ƙwarewar bincike da za ta fitar da shi daga wannan, tunda amsar tana wajen filin da aka kewaye masa.

Ko a cikin filin ma binciken ba shi da arha. Zato shida suna ba da haɗi 64, abin da kwamfuta za ta gama kafin ƙiftawar ido. Zato 30 sun haura haɗi biliyan ɗaya, 40 kuwa sun haura tiriliyan. Ga dokoki masu sauƙi irin na motarmu, tabbatar da abu ta ƙiyasi aiki ne da lokacinsa ke tafiya daidai da tsawon dokokin. Amma Bart Selman da Hector Levesque sun nuna a 1990 cewa neman bayani daga ƙayyadadden jerin zato, a kan irin waɗannan dokokin dai, yana cikin matsalolin ajin NP masu wuya, waɗanda ba a san wata hanya mai sauri da ke warware su a kowane hali ba. Thomas Eiter da Georg Gottlob sun ƙara a 1995 cewa in dokokin suka fita daga wannan siffa mai sauƙi, wuyar tana hawa wani mataki sama da haka. Dalilin a fili yake: ga kowane zato da aka gwada, tantance shi ma wata matsala ce mai wuya a karan kanta. A aikace ana rage nauyin ta hanyar iyakance bincike ga lalacewa ɗaya ko biyu a lokaci guda, ko a fara da mafi yiwuwa a tsaya in an samu 'yan kaɗan, ko a raba na'ura gida-gida a fara gano gidan da matsalar take kafin a shiga cikinsa.

Wata wahalar tana tasowa in zato yana ɗauke da abin da ba a san ko wane ne ba. A ce wata waya ta tsinke cikin dubu, ba a san wacce ba. Hanyar Eshghi da Kowalski ta 1989 tana son kowane zato ya zama takamaimai kafin ta tantance shi, in ba haka ba ta cije. Marc Denecker da Danny De Schreye sun magance wannan a 1992 da hanyar SLDNFA, Tze Ho Fung da Kowalski kuma da hanyar IFF a 1997, inda ake barin wanda ba a sani ba a matsayinsa, ana tara sharuɗɗa a kansa har su matse shi. Dokokin da ke komawa kan junansu ma suna iya sa mai bin sawu ya yi ta zagaye ba fita, sai an sa masa abin tuna inda ya riga ya taka.

Yau mai son gwada wannan da hannunsa zai fi samun sauƙi da manhajar clingo ta Jami'ar Potsdam a Jamus, wadda ta ginu a kan ma'anar da Michael Gelfond da Vladimir Lifschitz suka ba dokoki a 1988. Dokoki goman nan za a zuba yadda suke, a ƙara waɗannan:

{ batir_ya_mutu; kan_batir_ya_saki; kik_ya_lalace; kwai_ya_kone; tanki_wayam; famfo_ya_tsaya }.
:- not injin_bai_tashi.
:- not fitila_ba_haske.
:- tanki_wayam, geji_na_nuna_mai.
:- babu_wuta, hon_ya_yi_kara.

Layin farko yana ba ta izinin zaɓar duk wanda ta so cikin shidan. Biyun da ke biye suna hana duk amsar da ba ta haifar da alamun ba. Na ƙarshe biyu su ne shingaye. A haka za ta kawo har da bayanai masu kayan da ba a buƙata, don haka ana ƙara umarnin #minimize a ba kowane zato nauyi, mai wuyar faruwa ya fi nauyi. Inda ake faɗawa rami shi ne matakin farko na aikinta, domin kafin ta fara bincike tana maye kowane gurbi, wato wurin da aka bari a doka ba a faɗi takamaiman abu ba, da duk abin da zai iya zama. Doka mai gurbi uku a kan abubuwa dubu tana iya zama layi biliyan ɗaya, ƙwaƙwalwar kwamfuta ta cika tun ba a fara neman amsa ba. Maganin yana wurin rubuta dokar: a ɗaure kowane gurbi da nau'insa, a fasa doguwar doka zuwa gajeru.

Tsarin bai tsaya ga gano lalacewa ba. Eshghi ya nuna a 1988 cewa shirya matakan aiki ma bin sawu ne, in aka ɗauki burin da ake so kamar abin da aka gani, ayyukan da za a yi kuma su zama zato. Jerry Hobbs da abokan aikinsa sun kafa hujja a 1993 cewa fahimtar magana ita ce neman bayani mafi arha na dalilin da ya sa jimla za ta zama gaskiya: in an ce ta buɗe lema ta fita, mai sauraro ya zaci ruwa ko rana ba tare da an faɗa ba. Na'urar bincike ta Adam, ta ƙungiyar Ross King a Aberystwyth, wadda aka bayyana sakamakonta a 2009, tana zaton wace ƙwayar gado ce ke samar da wane sinadari a cikin yis, sannan ta tsara gwajin ta gudanar da shi da kanta. Wannan na ƙarshen shi ya fi kusa da abin da Peirce yake nufi, don a wurinsa zato mafari ne, sai an fitar da abin da zai biyo bayansa an gwada.

Manyan manhajojin harshe na yanzu, masu amsa tambaya da rubutu irin na mutum, sun shigo da wani sabon yanayi. Ƙarfinsu yana daidai inda tsohon tsari yake da rauni: ba su da rufaffen jerin zato, suna iya kawo fiyus da na'urar hana sata ba wanda ya rubuta musu. Rauninsu kuma yana inda yake da ƙarfi, don babu matakin tantancewa da ke tilasta musu, kuma bayani mai daɗin ji da bayani mai tsayuwa a kan shaida suna fita daga bakinsu da murya ɗaya. Hanyar da ta fi ma'ana ita ce a raba aikin: manhajar harshe ta kawo zatuka, a mayar da su dokoki, mai warware dokoki ya gwada su da shingaye ya kori waɗanda suka karya. Wurin da ke tsagewa shi ne fassarar daga magana zuwa doka, domin in an fassara shinge ba daidai ba, tantancewar za ta wuce lafiya a kan kuskure. Zhou Zhi-Hua da abokan aikinsa a Jami'ar Nanjing ta ƙasar Sin sun bi wata hanyar haɗin a 2019. Wata ragar kwamfuta mai koyo daga misalai tana karanta hoto ta ba da hasashenta, dokoki su duba. A ce an rubuta 7 + 5 = 12 da hannu, ragar ta karanta bakwai ɗin a matsayin 1. Dokar tarawa ta ce 1 da 5 ba sa ba da 12, sai bin sawu ya nemi gyara mafi ƙanƙanta da zai daidaita lissafin, ya mayar da 1 zuwa 7, a koya wa ragar da wannan gyaran. Haɗarin shi ne gyare-gyare da dama suna iya daidaita lissafi ɗaya, kuma in ragar ta fara da mummunar fahimta tana iya koyon karatun da ya dace da doka amma ya saɓa wa abin da ke takardar.

Mu koma ga direbanmu, da ya rage da bayani biyu, kik da ƙwai ko famfo da ƙwai. Manhaja mai kyau ba ta tsayawa a jera su, tana faɗin gwajin da zai raba su. Duba ƙwan fitila ba shi da amfani a nan, tunda duka biyun sun yarda ya ƙone. Sauraron ko kik yana juyawa in an murza makulli shi ne zai yanke, kuma ba ya cin ko sisi. De Kleer da Williams sun mayar da wannan lissafi: ga kowane awo da za a iya yi, a duba yadda sakamakonsa zai rarraba bayanan da suka rage gwargwadon yiwuwarsu, a zaɓi wanda ake sa ran zai fi rage ruɗani. In bayanai takwas ne masu nauyi ɗaya, awon da ke raba su biyu daidai zai kai ga guda a mataki uku, mai cire ɗaya-ɗaya kuwa yana iya kai bakwai. A aiki na gaske ana haɗa wannan da tsadar awon da haɗarinsa, don danna hon da sauke tankin mai ba ɗaya ba ne.

Game da lalacewar da ba ta cikin jeri, su biyun sun ƙara wani abu a aikinsu na 1989 da ya kamata duk mai gina irin wannan manhaja ya ɗauka. Kowane sashe, bayan hanyoyin lalacewarsa da aka sani, ana ba shi wata hanya guda da ba a san siffarta ba, mai ƙaramar yiwuwa, wadda ba ta hasashen komai. Muddin sanannun bayanai suna tsaye, tana can ƙasan jeri ba ta damun kowa. In gwaji ya kore su ɗaya bayan ɗaya, sai ta taso sama, manhaja ta nuna sashen da take zargi ta kuma faɗa cewa yadda ya lalace ba ya cikin abin da aka koya mata. Masu kula da manhajar su riƙa ƙirga sau nawa hakan ke faruwa da kuma a wane sashe, domin nan ne za su zauna da masu gyara su rubuta sababbin dokoki.